Rigar Kwaɗo

Etelka ba ta taɓa tuƙa jirgi ba, babba ko ƙarami. Nata aikin yi musu riga ne. Ta daɗe tana haɗa haƙoran roba a birnin Szolnok, da ta ajiye aiki ta dawo ƙauyensu na bakin kogin Tisza, sai ta mayar da tsohon ɗakin hatsin mahaifinsu wurin sana'a. Masu wasa da ƙananan jirage masu saukar ungulu, irin waɗanda ake sarrafawa da rimot, tsirara suke sayen inji, ƙarfe da waya da farfela kawai. Ita ce za ta sassaƙa siffar jirgin gaske da katako, ta yi masa kwarmin zubi, ta shimfiɗa faiba da gam, ta fito da gangar jiki mai tagogi da ƙofofi a zura injin a ciki. Har daga Jamus ake aiko mata da aiki.

Amma aikin da ya fi cin ta a waɗannan shekaru biyu ba na baƙo ba ne, na yayanta ne Vendel.

Vendel ya haura saba'in. Zamanin gandun gwamnati shi ne matuƙin jirgin feshi na yankin, wani rawayen jirgi mai farfela hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, gabansa gilashi ne kumbure kamar idanun kwaɗo. Kwaɗo kowa yake ce wa jirgin. Da gandun ya watse aka bar shi a bayan sito yana tsatsa, kaji suna ƙwai a kujerar matuƙi, daga baya 'yan gwangwan suka zo suka yanka shi. Vendel ya koma kan ƙananan jirage, ya kuma gwanance har ba a haɗa shi da kowa a gundumar. Bayan rasuwar matarsa ya ce wa ƙanwarsa abu ɗaya yake so kafin ya bi ta, ta dawo masa da Kwaɗo, ko da a ƙaramin jirgi ne.

Kullum da hantsi yake zuwa a kan kekensa, ya tsaya a kanta hannu a baya.

"Ke likitar haƙora, wannan matakin ya yi ƙasa. Da a nan yake da tuni na karya gwiwa."

"Haka yake a hoto, Yaya."

"Hoto ƙarya yake yi. Ƙafata ce ta taka shi, ba ta mai hoto ba."

Sai ta ɗaga matakin. In kuma wani hoton ya faɗo hannunta daga baya, sai ta tarar shi ke da gaskiya. Ya san inda motar mai ta taɓa lotsa gefen jirgin, ya san inda maganin feshi ya ci fenti ya bar zane ruwan ƙasa. Tana zaune tana ɗiga kawunan kusoshi da sirinji, ɗigo bayan ɗigo, shi kuma yana ba ta labarin da ta ji har ta haddace.

"A lokacin babu wata na'ura mai nuna maka hanya. Mutum ake tsayarwa a ƙarshen gona da tuta a kan sanda. Ka saita hanci a kan tutar, ka sauko har ƙafar jirgi tana shafar kan alkama, ka buɗe feshi, ka nufe shi kai tsaye. Shi ya san aikinsa, in ka matso zai kwanta. Kai dai kada ka ɗauke ido daga tuta, kuma kada ka manta da wayar lantarki. Waya ta ci mana mutum uku."

A bazarar nan ne ta fara lura da wasu abubuwa. Wata rana ya shanye kofinsa tas, ya ɗan zauna, ya ce yau rowa take ji ne da ba ta ba shi kofi ba? Wata rana ya koma gida a ƙafa ya bar keke a ƙofarta, washegari ya zo yana faɗan an yi masa sata. Dariya suka yi su biyun. Tsufa ne, kowa zai je.

Filin ƙungiyarsu ta masu ƙananan jirage yana bayan gari, wani siririn wuri da ake yanke wa ciyawa, tsakanin gonar masara da tudun da ke tare ambaliyar kogi. Ranar da Vendel ya fita gwada injin Kwaɗo tsirara, kafin a sa masa riga, shi da Etelka ne kawai. Injin ba abin wasan yara ba ne. Faɗin farfelarsa ya fi gaba guda, in ta ɗauki gudu ƙararta kamar ana yage sabon yadi ba tsayawa.

Ya ɗaga shi lafiya, ya tsayar da shi cak a iska, ya juyo da hancinsa yana fuskantar su. In jirgi ya fuskance ka, damarsa ta zama hagunka, wannan ne ke kayar da sababbin shiga. Vendel kuwa ya fi shekara ashirin yana yin sa ba tare da tunani ba. Jirgin ya ɗan karkata. Etelka ta ga babban yatsansa ya tura sandar rimot, jirgin ya ƙara karkata ta inda ya fara. Daga nan sai yatsun suka tsaya. Ba rawa suke ba, tsayawa suka yi kurum, kamar na mai jiran a gaya masa abin da zai yi. Jirgin ya sulale gefe guda ya faɗa cikin masara.

Da suka shiga ɗauko shi, ta ga hanyar da ya buɗe. An sare karan masara sumul kamar da sabuwar adda, goyon masarar ya rabu biyu, farin ruwansa yana ɗiga. Ta tsaya kusa da kara ɗaya da aka sare. Daidai ƙashin wuyanta ya tsaya.

"Me ya faru, Yaya?"

"Waya na kauce wa."

"Wace waya?"

Ya nuna ƙarshen filin da haɓa. Ta duba. Babu komai sai sarari da shamuwa biyu suna kiwo. An tumɓuke turakun wurin tun 'ya'yanta suna makaranta.

"Babu waya a can."

Ya dubi wurin, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya sunkuya ya fara tsince ganye daga jikin injin.

"Iska ce," ya ce. "Iska ta buge shi."

Ko ganye ɗaya ba ya motsi a ranar.

Shugaban ƙungiyar wani mai shagon taya ne, Kornel, mutum mai ƙiba da fara'a wanda Vendel ya koya wa tuƙi. Etelka ta same shi a shago yana fama da tayar tarakta. A jikin ƙofarsa an riga an manna takardar sanarwar bikin gari na watan Agusta, da hoton Vendel yana saurayi, ya jingina da Kwaɗon gaske, sigari a baki. A ƙasa an rubuta cewa Kwaɗo zai sake tashi a hannun matuƙinsa.

Ta ba shi labarin masarar, da na wayar.

"Haba Goggo Etelka," ya ce yana goge hannu. "Wa bai taɓa shiga masarar nan ba? Ni sau nawa? Mai gonar har cewa ya yi zai sa ni cikin masu girbi."

"Yatsunsa tsayawa suka yi, Kornel. Ina kallo."

"Baba Vendel ko barci yake ya fi ni tuƙi ido biyu. Kuma kin ga takarda ta fita. Tsofaffin ma'aikatan gandu har daga Debrecen za su zo. Ni zan je in ce masa Kyaftin ka tsufa, miƙo rimot? Ki rufa min asiri."

Ranar Lahadi ta dafa kaza da jan barkono, irin yadda mahaifiyarsu take yi, ta bari sai da ya ci ya ƙoshi. Sannan ta ce tana so su je ganin likita, kuma a bikin nan ya bar Kornel ya tuƙa, shi ya tsaya a gefe da lasifika yana ba mutane labari.

Vendel ya ajiye cokali a hankali. Bai ɗaga murya ba, ita kuwa da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Ni na goya ki zuwa makaranta ranar da ruwa ya cinye hanya. Yau ke ce za ki auna min hankali."

"Ba hankalinka nake aunawa ba. Yara za su cika wurin."

"Shekara nawa ina ratsa kan mutane da jirgin gaske, cike da guba, ban taɓa ƙwarzane kowa ba." Ya kalli taga. "In na bar wannan me ya rage min, Etelka? In zauna a bencin ƙofar coci ina kallon waɗanda ake wucewa da su maƙabarta?"

Abin da ta iya samu kawai shi ne alkawari: kafin biki za a gwada jirgin da rigarsa a gaban Kornel, in ya yi ko ɗan tangaɗi, ya haƙura. Ya ce ya yarda, har da murmushi.

Ta ja aikin fenti iyakar yadda za ta iya. Ta ce rawayen bai yi daidai ba, ta kankare ta sake. Ta ce gilashin gaba ya yi hazo. Amma aiki ba ya ƙin ƙarewa, kuma hannunta bai iya ɓata abu da gangan ba. Ranar da ta cire takardun rufi ta ja da baya, sai ga Kwaɗo zaune a kan teburinta, da lotsawarsa, da zanen maganinsa, da ɗan tankin da za a cika da ruwa a madadin magani. Vendel ya zagaye shi. Ya sa yatsa ɗaya ya shafa matakin.

Da sassafe suka yi gwajin, raɓa ba ta bushe ba. Etelka ta tsaya tana roƙon abin da ba ta taɓa zaton za ta roƙa ba, Allah ya sa abin da ta ƙera ya faɗi ya farfashe a yau, ba kowa a wurin.

Bai faɗi ba. Vendel ya ɗaga shi kamar ana ɗaga kofi cike da ruwa. Ya sauko da shi ƙasa-ƙasa, ya ratsa filin a miƙe, ruwa yana fita fari a bayansa. A ƙarshen fili ya cilla hanci sama, ya juya shi a kan wutsiya, ya dawo ta layin da ke kusa da na farko, ba tazara ba haɗuwa. Ya juyo da shi yana fuskantar su, ya tsayar, ya sa shi ya ɗan rusuna kamar mai gaisuwa, sannan ya sauke shi a gaban takalmansa. Ba ta taɓa ganin ya yi tuƙi mai kyan wannan ba.

Kornel ya cire hula. "Goggo, wannan ne mara lafiyar naki? Allah ya ba ni irin ciwonsa."

Ya tafi kawo mota. Etelka ta durƙusa tana cire batir, Vendel yana tsaye a kanta fuskarsa tana sheƙi.

"Ki gaya wa Balint ya yi sauri ya cika tanki," ya ce. "Gonar gabas ta rage, kuma rana tana yi."

Balint makanikensa ne a gandu. Ita da Vendel suna cikin waɗanda suka raka gawarsa, da daɗewa.

Ta ɗago ta dube shi. Idonsa garau, yana kallon gabas yana auna iska.

Da yamma ta koma shagon taya. Wannan karon ba roƙo ta je yi ba. Akwai yadda ake koya wa sabon shiga tuƙi: a haɗa rimot biyu ba tare da waya ba, na malami da na ɗalibi. Muddin malami yana danne da wani maɓalli, ɗalibi ne ke tuƙi, malami yana ɗaga yatsa jirgi ya dawo hannunsa. Kornel ne dama yake saita wa Vendel rimot tun da idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu. Ta ce ya haɗa su haka, kada Vendel ya sani.

"Ki ce in mayar da Kyaftin ɗalibi a ɓoye? In ya gane har ya mutu ba zai ƙara yi min magana ba."

"In ba ka yi ba, ranar biki zan kulle jirgin a ɗakina in jefa makulli a kogi. Kai za ka yi wa mutanen Debrecen bayani."

Ya dube ta, ya ga ba wasa take ba.

"Ke da shi duk jinin taurin kai ne," ya ce. "To. Amma ki sani ba zan ɗaga yatsa ba, don babu abin da zai faru."

Ranar biki aka tashi da zafi mai nauyi, irin wanda ke sa riga ta manne a baya. Hadari ya taru can yamma, baƙi ƙirin, ya ƙi matsowa ya ƙi tafiya. An kafa rumfuna a gindin tudun kogi, an ja igiya a tsawon filin don mutane su tsaya a bayanta. Masu busa ƙaho suna ta fama. A ƙarshen igiyar, inda rumfuna suka ƙare, Rozal mai girkin makaranta ta rataye manyan tukwane uku na miyar kifi a kan wuta, ƙamshin barkono ya cika wurin.

Tsofaffin ma'aikatan gandu sun zo, wasu da sanda, ɗaya a keken guragu. Suka kewaye Kwaɗo suna taɓa shi suna gardama a kan ko wace shekara aka yi lotsawar nan. Vendel ya sa tsohuwar rigarsa ta fata duk da zafin. Ya gane kowa, ya kira kowa da sunansa, har da sunan matar kowa. Etelka ta ji kunya ta ɗan kama ta. Wataƙila ita ce ta zuzuta abin.

Kornel ya tsaya a bayan motarsa, nesa kaɗan da Vendel, rimot rataye a wuya, ya yafa tawul a kai kamar mai kare shi daga rana. Da ta matso ta ji warin barasar 'ya'yan itace a bakinsa.

"Ɗan kofi ɗaya ne, Goggo. Magajin gari ne ya miƙo min, in ƙi?"

Farfela ta fara juyawa, masu busa suka yi shiru. Kwaɗo ya tashi. Ratsawar farko ya bi tsawon filin nesa da igiya, ruwa yana bin sa, mutane suka tafa. Wani tsoho kusa da Etelka ya cire tabarau yana goge ido. Ratsawa ta biyu ta fi ta farko kyau. Wani ya zo yana yi wa Kornel magana a kan taya, Kornel yana amsa masa da rabin baki, ido ɗaya a sama.

A daidai lokacin miya ta nuna. Rozal ta kira, ƙarar jirgi ta danne muryarta. Sai ta ɗauki farin tawul ɗin hannunta ta ɗaura a kan doguwar muciya, ta fito ƙarshen igiya ta ɗaga shi sama tana kaɗawa, tana kallon mutane, ta juya wa filin baya.

Kwaɗo yana can ƙarshen filin ya cilla hanci sama zai juyo. Ya juyo, amma bai koma layinsa ba. Etelka ta ga hancin ya ɗan nemi wani abu, dama, hagu, sannan ya tsaya. Ta bi inda ya tsaya da ido har zuwa farin tawul. Tsakanin jirgin da tawul ɗin, mutanen da suka jingina da igiya ne a jere, yara a gaba.

Jirgin ya sauko daidai ƙirjin mutum, ya buɗe ruwa, ya taho.

Ba wanda ya motsa. Sun ɗauka cikin wasan ne, wasu ma ɗaga waya suka yi suna ɗauka. Etelka ta dubi yayanta. Yatsunsa ba su tsaya ba yau, aiki suke a natse, kafaɗunsa a sake.

"Kornel," ta ce. Bai ji ba. Ta damƙi hannunsa har farcenta ya shiga. "Karɓe shi!"

Ya waiwayo, ya gani, ya ɗaga yatsa, ya fizgi sanda da dukan ƙarfinsa. Kwaɗo ya miƙe tsaye a kan mutanen farko, iskarsa ta kwashe huluna, ruwa ya zubo a fuskoki. Fizgar ta yi yawa. Farfelar sama da ta ƙasa suka haɗu, aka ji ƙara kamar an karya busasshen reshe, gutsattsari suka watsu ko'ina. Gangar jikin ta wuce saman rumfuna tana juyi, ta faɗi a jikin tudu.

Sai a sannan aka fara gudu. Wani gutsure ya huda rumfa ya kafe a tebur. Wani gutsuren ya sami Rozal a kafaɗa, ta zauna a ƙasa kusa da tukwanenta tana kallon jinin da ke bin hannunta, muciyar tana riƙe da ita har yanzu. 'Yan kwana-kwanan gari suna wurin, suka ɗaure mata suka sa ta a mota.

Etelka ta ratsa mutane ta isa wurin Vendel. Yana tsaye inda yake, rimot a hannu.

"Mai tuta bai kwanta ba," ya ce. "Me ya hana shi kwanciya?"

"Ba mai tuta ba ne, Yaya. Rozal ce."

Ya dubi rumfuna, ya dubi mutanen da ke ɗauke da yara suna kuka. Ta ga abin yana shigarsa a hankali. Sannan ya dubi rimot ɗinsa, ya motsa sandunan, ya waiwaya. Kornel yana tsaye a bayan mota, tawul ya zame, nasa rimot ɗin a fili.

"Jirgin ya fita daga hannuna kafin ya faɗi," Vendel ya ce. Muryarsa ta dawo tasa sosai. "Wa ya sa shi?"

"Ni ce."

"Da kun bar ni da na ɗaga shi lafiya. Kullum a nan nake ɗagawa, sai na ga idon mai tuta. Ba a fizgar mai farfela biyu haka, ko yaro ya sani." Ya cire igiyar rimot daga wuyansa ya miƙa mata. "Ku kuka fasa shi."

Hadarin bai zubo ba ranar. Ya watse da la'asar, ya bar zafin yadda yake.

Rozal ta warke, an yi mata ɗinki, sai dai hannun bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba, dole ta bar girkin makaranta. 'Yan sanda sun zo sun yi tambayoyi sun tafi, hukumar gari ta karɓe filin. Garin kuwa ya rabu biyu. Waɗanda suka tsaya a bakin igiya suka ce ba don Kornel ba da an yi jana'izar yara. Tsofaffin gandu suka ce sun ga Vendel ya yi wannan ratsawar sau dubu, a ƙarshe yake ɗagawa, mai warin barasa ne ya tsorata ya fasa jirgi a kan mutane. An kalli hotunan waya an sake kallo, kowa ya ga abin da ya riga ya yarda da shi. Etelka ma ta kalla, ita kaɗai a kicin, tana tsayar da hoton tana matsar da shi. Ba ta iya ganewa ba ko hancin ya fara ɗagowa kafin fizgar. Kornel ya daina gaishe ta, in ya hango ta sai ya shige cikin shago.

Likita a Szolnok ya faɗi sunan ciwon, ya ce ba ya komawa baya. Kafin sanyi ya shigo Vendel ya bar tukunya a kan wuta har ta ƙone, sai Etelka ta kwaso shi ya dawo gidanta. Ta tattara jiragensa da rimot-rimot ɗinsa ta ba wata ƙungiya a wani gari. Bai tambaya ba. Wasu ranakun yana yi mata ladabi kamar mai masaukin da bai sani ba. Wasu ranakun yana sane da komai, waɗannan ne ba ya yi mata magana sam. Ita ce take kai wa Rozal itacen wuta da cefane duk mako, Rozal tana karɓa, ba ta taɓa cewa ta shigo ba.

Wata safiya a watan Nuwamba, hazo ya rufe kogi, motar kai saƙo ta tsaya a ƙofa. Kafin Etelka ta fito daga bayan gida Vendel ya riga ya sa hannu ya karɓa. Kwali biyu ne, ɗaya dogo siriri, ɗaya mai nauyi. Ta san tambarin shagon, na Budapest ne, inda ake sayen inji da farfela.

"Yaushe ka yi odar wannan?"

"Na buga musu waya. Yaron da ya ɗauka mai hankali ne, ya ce ya san sunana." Ya saɓa dogon kwalin a kafaɗa, ya nufi ɗakin aikinta da tafiyar mai ƙarfi. A bakin ƙofa ya waiwayo, fuskarsa a sake, babu ko alamar fushi. "Akwai sauran kaya a hanya. Ki share min teburin can na kusa da taga, likitar haƙora."

Ta ce bari ta ɗora ruwan kofi tukuna. Ta shiga kicin ta tsaya a gaban murhu, ba ta kunna ba. Ta bango tana jin sa yana yanka kwali da wuƙa, yana fito.